Taragon da Ba Ya Tsayawa

A can wani zamani, an yi wani mutum mai tuƙa tarago a kan dogo, tsohon doki ke ja masa. Tafiya ba ta wahalar da dokin, tashi bayan an tsaya shi ne wahalar. Don haka mutumin ba ya tsayawa a hanya.

Kullum wata tsohuwa tana gindin tsamiya tana ɗaga hannu, da 'yar siririyar muryarta: "Ɗan nan, jikata fa, tun ranar suna ban gan ta ba."

Kullum shi kuma: "Iya, sai gobe."

Rannan maƙeri ya ɗaura masa birki mai naɗaɗɗen ƙarfe, ya ce, "In ka tsaya, ƙarfen zai naɗe gudun ya ajiye. In ka saki, ya tura taragon."

Mutumin bai yarda ba, ya ci gaba da wucewa. Sai wata rana ya ga tsohuwa ba ta ɗaga hannu ba, kallo kawai take yi.

Ya ja birki, ƙiiiii. Ta hau. Ya saki, ƙarfe ya warware, doki ya tashi kamar ba ya jan komai.

Ta kwance ƙulli, ta fito da 'yar rigar jarirai. "Ɗan nan, kana ganin za ta shige ta?"

"Iya, ai yanzu ta fara gudu."

Ta ninke rigar a hankali. "To sa dokin nan ya yi sauri, kafin ta yi aure."