Ranar da Wutar Gwadabe ta Mutu

A Ƙauran Namoda, bayan tashar jirgin ƙasa, an yi wani Gwadabe mai narka kwalba. Fasassun kwalabe yake dakawa, ya narka a tukunyar ƙasa, ya nannaɗo a sandar ƙarfe su zama awarwaro da tsakiya. Shekara ashirin yana neman kore guda, irin na ganyen gero bayan ruwan fari, bai same shi ba.

Shekarar da aka kafa Shari'a, aka farfasa kwalaben giya tuli guda a bayan gari. Kowa ya ga ƙazanta, shi ya ga rabo. Ya kwaso a buhuna, ya wanke tas, wuta ta daina hutawa a gidansa.

Wata Laraba koren ya fito, daidai faɗuwar rana. Ladan na kira, matarsa Asabe na cewa, "Malam, almuru ta yi, aje ƙarhen nan." Ko waiwaye bai yi ba. Don ya sami tukunyar sabon zubi, sai ya ɗauki ragowar narkakken gilashi ya watsa bayan katanga, ba bisimilla. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ko ruwan zafi ba a zubarwa a wannan lokaci, balle wuta mai gudana.

Wani abu ya yi ƙara sau ɗaya, siririya, kamar ɗan akuya. Sai shiru.

Kwana uku bayan nan jifa ta fara. Da magariba ta kawo jiki sai a ji ƙas, ƙas a kan kwano. A fita a duba, a tarar da ɓaraguzan kwalba, da ɗuminsu. Ran na bakwai Salima, 'yarsu tilo, tana tankaɗe ta saki rariya, ta zauna tana jijjiga hannuwa wayam kamar mai lallashin jariri. Ta daina ci. Ta daina sanin uwarta.

Gwadabe ya je Zurmi ya ɗauko Malam Maccido, tsoho mai ruƙiyya. Bayan la'asar Malam ya zauna kusa da kanta yana karatu a hankali, har inuwa ta cinye tsakar gida. Sannan bakin yarinyar ya buɗe, da muryar da ta girme ta nesa.

"Bar ƙona ni, Malam. An riga an ƙona."

"Wa ke magana?"

"Ni uwa ta, kamar wagga da ke kuka. Ɗana na wasa gindin katanga anka zuba mai wuta. Kwana ukku shina kirana, ya cika. Ɗiya za ni ɗauka madadin ɗa."

"Ke musulma ta?"

"Musulma."

"To kin san ba a kama wani da laihin wani. Mutumin ga kuma bai gani ba. Kuskure na."

"Da ya yi bisimilla da na janye ɗana. Kalma guda, Malam."

Can muryar ta ce, "Sharaɗina guda: wutar da ta ci shi ta mutu. In ya sake hura ta, ko bayan shekara arba'in, ina nan tahe."

Malam ya juya. "Gwadabe, wanga ba ni ka amsa shi ba."

Gwadabe ya dubi rumfarsa. Duk kwanakin nan bai bar garwashin ya mutu ba, koren na kwance cikin tukunya, bai zama ko awarwaro ɗaya ba. Abin kunya ne, amma sai na faɗa: bakinsa ya ce, "Ko a bari in ƙare wanga zubi..."

"Gwadabe."

Asabe ce. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Ya tashi, ya kinkimo tulun ruwa, ya juye a wutar. Tukunyar ta dare biyu, tururi ya rufe shi. Salima ta yi atishawa uku, ta ce, "Inna, yunwa nika ji."

Ya koma noman gero wajen Badarawa, ya yi shekara goma sha ɗaya kafin ya rasu. Salima ta yi aure, ta haihu. Masu gona kusa da shi sun ce in fartanyarsa ta tono guntun kwalba, sai ya goge shi da bakin riga, ya ɗaga wa rana, ya daɗe yana kallo. Sannan ya mai da shi rami ya rufe da ƙasa.