Bugun Farko a Filin Tayuri

Duk wanda ya daɗe a Sabha ya san Gasar Leburori, wadda ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na unguwannin Tayuri da Manshiya da Jadid suka riƙa bugawa, har 'yan wasa na karɓar albashi. Yau awaki ne ke kiwo a filin.

Alassane, wani magini ɗan Damagaram, shi ya kafa ta. Da fari takaici kawai ya kwasa. Ana shirin wasa sai motar ɗaukar leburori ta tsaya, rabin 'yan wasa su ɗare bayanta, su bar shi da usur a baki.

"Ka koma gininka, malam," in ji matarsa Mansoura. "Ƙwallo ba ta ɗora tukunya."

Maimakon gini, sai ya nufi wani boka a wata matacciyar gonar dabino. Bokan na zaune bakin busasshiyar rijiya, ƙahonin raguna ɗaure da jan ƙyalle sun kewaye shi. Ya yanka baƙin zakara, ya shafe sabuwar ƙwallo da jinin, ya zura ta rijiya da igiya. Da ta fito, ko ɗigon jini babu a jikinta.

"An karɓa," in ji boka. "Fili zai cika. Kowace shekara da ita za a buɗe gasa."

"Me zan biya?"

"Ni ba na son komai. Wa ke bugun farko a wajenku?"

"Wanda muka fi girmamawa."

"To, kada ka sauya al'ada."

Fili ya cika maƙil. Attajirai suka sayi ƙungiyoyi, Alassane ya gina gida a Manshiya. Shekarar farko ya karrama ƙanensa Bachirou da bugun, kafin a ba da kofi an binne shi. Ta biyu surukinsa Maman Sani, mahaifin Mansoura, ya buga, ƙafar ta kumbura ta tafi da shi. Alassane ya gane, amma daɗi ya hana shi tsayawa.

Ta uku ya nemi bare. Duk wanda ya roƙa sai ya ja da baya: "Haba maigida, ina mu ina wannan girma?" Mansoura, da ba ta san komai ba, ta ga mijinta na shan kunya a tsakar fili, ta gyara mayafi ta nufi ƙwallon. Ya buɗe baki, ya dubi taron, ya rufe.

Tun daga bugun nan hankalinta ya gushe. Tana nan har yau, ba takalmi, tana bin awakin filin tana kiran babanta. Gasa ta watse, don ba ɗan wasan da ya sake yarda ya taka filin. Alassane ya koma gonar dabino, rijiya kawai ya tarar. Yanzu a Jadid yake tsayuwa jiran motar leburori, ba mai zama kusa da shi.

Kai mai kwaɗayi, in boka ya ce ba ya son komai, ka waiwayi mutanen gidanka. Su yake nufi.