Shafi Biyu A Haɗe

"Ɗan wa kika ce?"

Verena ta ajiye cokali a hankali. Ta san ya ji sarai, so yake ta maimaita don ya ƙara jin zafin abin.

"Severin Wallner, Papa. Ɗan Egon Wallner."

"Kuma a gefenki aka zaunar da shi?"

"Takarda ɗaya muke karantawa. Yana shekarar gwaji... ni ke juya masa shafi."

Alois Brandl ya ture kwanon miya gefe, ya yi wata dariya da ta fi kuka muni. Tunda mahaifiyarta ta rasu Verena ba ta ji dariyarsa ba, yau da ta ji sai ta gwammace shirun.

"Ashe Allah bai manta da ni ba," ya ce. "Shekara talatin da ɗaya, Reni. Shekara talatin da ɗaya ina gyara gogen wasu, ga shi an kawo mini ɗansa har hannun 'yata."

Ba sai an ba ta labarin ba, da shi aka yaye ta. A ƙungiyar makaɗan birninsu na bakin kogin Danube, masu goge bibbiyu suke zama, takarda ɗaya a gabansu. Na ciki shi ke tsayar da kiɗansa ya juya shafi, na waje, wato na ɓangaren masu sauraro, ya ci gaba. Sabon shiga kuwa a waje ake sa shi shekara guda, a ƙarshen kakar kiɗa, a watan Yuni, a kaɗa ƙuri'a: ko ya zauna har tsufa, ko ya kama gabansa.

Kowace kaka da tsohon kiɗa guda suke rufewa. A cikinsa akwai wurin da makaɗa tamanin ke gudu kamar ana korarsu, sai kwatsam kowa ya tsaya cak, numfashi uku, babu ko tari. Idan aka juya shafi biyu a haɗe, ido zai faɗa kan layukan da suka yi kama da na farko sak, sai dai babu tsayawa a cikinsu.

Abin da Egon Wallner ya yi wa Alois ke nan a shekarar gwajinsa. Kowa ya tsaya, gogen Alois kaɗai ya yi ƙara a gaban mutum dubu. Washegari aka kaɗa ƙuri'a, kujerar ta koma hannun ƙanin matar Egon. Egon ya ce gumi ne ya manne takardun. Gumi! A garin nan har yau idan yaro ya yi kuskure a makarantar kiɗa sai a ce ya yi irin ta Brandl.

Shi ya sa Verena ta shiga ƙungiyar da sunan mahaifiyarta, Haslinger. A bayan labule ta yi gwaji, babu wanda ya ga fuskarta, kunnuwansu ne suka zaɓe ta. Shekara huɗu ke nan tana gaida tsoho Egon idan ya zo sauraro da sandarsa mai kan azurfa, tana murmushin da bai kai zuci ba.

"Ranar rufe kaka," Alois ya ce, ya kama hannunta da yatsunsa masu warin danƙo. "Shafi biyu, Reni. Abin da na roƙa ke nan."

"Na ji, Papa."

"Ki rantse da kabarin uwarki."

Ta rantse, kuma a ranar da gaske take yi.

*

Matsalar ita ce ɗan maƙiyin bai da fuskar maƙiyi. Dogo ne, kunnuwansa a baje, kuma kullum sai ya manta fensirinsa.

"Malama Haslinger, ko za a taimaka wa talaka da fensir?"

"Jiya ma na ba ka."

"Na jiya ya bi na shekaranjiya, sun tafi neman na ranar Litinin."

Ta haɗe rai, ta miƙa masa. A ranta ta ce yi dariyarka, Yuni na nan tafe.

Kaka ta yi ta tafiya. Kiɗan farkon sanyi, kiɗan Kirsimeti, kiɗan sabuwar shekara da masu kuɗi ke zuwa don a ga rigunansu. Wata tara kafaɗarta na gefen tasa, numfashinsu na fita tare, domin duk wanda bai yi numfashi tare da abokin zamansa ba kiɗansu ba zai haɗu ba. Kuma duk juyin shafin da ta yi, sai ya ɗan sunkuyar da kai alamar godiya. Shekara huɗu tana juya wa mutane shafi, babu wanda ya taɓa gode mata.

A watan Fabrairu ya ja ta gidan kofi da ke bayan ɗakin kiɗa, ya sayi kek ɗin tuffa ɗaya da cokali biyu.

"Rowa ce ko soyayya?" ta tambaye shi.

"Takarda ɗaya muke karantawa, me zai hana faranti ɗaya?"

Ta yi dariya kafin ta tuna ba ta da izinin yi. Daga nan ne Malama Haslinger ta koma Reni, daga Reni ta koma "zuciyata". Ta so shi, so na gaske mai hana cin abinci, ta kuma tsani kanta saboda hakan.

A gida kuwa Alois ya rataye kalanda a shagon gyaransa, kowace safiya yana soke rana ɗaya. Ya kai tsohuwar baƙar kwat ɗinsa wajen tela aka rage masa faɗi. Ya sayi tikiti, shi da bai taka ɗakin kiɗan nan ba tun ranar da aka kore shi.

Ana saura kwana biyu ta same shi yana shafa wa wani goge mai.

"Papa... shi fa bai yi komai ba. Lokacin ko haihuwarsa ba a yi ba."

Bai ɗago ba. "Ni me na yi?"

"Ba haka nake nufi ba..."

"Uwarki me ta yi? Ta auri makaɗi, ta mutu matar mai gyara, ana nuna ta a kasuwa ana cewa ga matar mai ƙarar nan. Ke me kika yi da kike ɓoye sunana kamar kayan sata?"

"Ina son sa, Papa."

Sai a lokacin ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, amma muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"To ki so shi. Ki aure shi ma, ki haifa wa Egon jikoki su hau cinyarsa. Ni dai kada ki zo jana'izata da sunan Wallner."

Ta fita tana kuka. Kafin ta kai bakin kogi kukan ya koma fushi, kuma ba da mahaifinta take fushin ba. Ta tuna hannayen Mama da suka tsattsage, ta tuna sandar nan mai kan azurfa, ta tuna yadda ake miƙe wa Egon idan ya shigo. Su ma su ɗanɗana. So ai ba ya kashe mutum, ta gaya wa kanta, za ta warke.

*

Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ɗakin ya cika maƙil. Egon na layin gaba. Can sama, a kujerun da ba a ganin komai sai kawunan makaɗa, wani tsoho ne cikin baƙar kwat zaune a miƙe kamar soja.

Kafin madugu, mai jagorantar makaɗan, ya shigo, Severin ya matso da bakinsa kusa da kunnenta.

"Idan aka tashi ina da magana, zuciyata. Tana cikin akwatin gogena, ƙarama ce, mai zagaye."

Ba ta kalle shi ba. "Ka mai da hankali kan takarda."

Madugu ya ɗaga sandarsa, aka fara.

Minti arba'in tana juya shafi daidai, yana sunkuyar da kai. Sai gudun ya kankama. Ta sauke gogenta, ta miƙa hannu, yatsunta suka kama kusurwar takarda. Ɗaya... ta ƙara ɗaya. Ta juya.

Ta mai da goge ƙarƙashin haɓarta, tana jira ta ji ya faɗa ramin.

Bai faɗa ba. Layin daidai yake bi, wanda ba ya gabansu. Ta saci kallonsa, ta ga ba takardar yake kallo ba, ita yake kallo. Babu mamaki a idonsa, babu fushi, hawaye ne kawai ya taru yana neman hanya. Kuma a karon farko cikin wata tara bai sunkuyar da kai ba.

Ya sani. Tun yaushe?

Ta rikice. Ta kawar da ido ta mai da shi kan takarda don ta tsere wa kallon, hannunta kuwa ya yi abin da aka koya masa tun tana 'yar shekara biyar: ya bi abin da ido ya gani.

Makaɗa tamanin suka tsaya cak.

Goge ɗaya ya yi ƙara, siririya, mai tsini, ta ratsa ɗakin har rufi.

Wani ya ja numfashi a layin gaba. Madugu ya juyo da ido kamar zai cinye ta ɗanya. Sannan kiɗa ya ci gaba, Severin ya miƙa hannu da kansa ya mai da shafin baya, abin da na waje ba ya yi. Duk masu gogen da ke bayansu sun gani.

*

A ɗakin ajiye kaya kowa ya yi ta kauce mata. Ita kujerarta ta dindindin ce, ba mai korarta, sai dai a yi ta ba da labarinta har ta tsufa. Shi kuwa ana ta dafa kafaɗarsa, ƙuri'ar gobe ta zama tasa tun yau.

Ya jira kowa ya fita.

"Tun yaushe ka sani?" ta tambaya.

"Tun Janairu. Kin ba ni gogenki in riƙe, na leƙa ciki na ga takardar mai gyara. A. Brandl, an rubuta 'don Reni tawa'."

"Shi ne ka haddace shafin... don kana tsorona."

"A'a. Ina shekara goma sha biyu babana ya sa na haddace shi. Kullum sai na yi masa shi ido rufe kafin in ci abinci. Ban gane dalili ba sai da na girma na ji labarin. Mutumin da gumi ya manne wa takarda ba ya koya wa ɗansa haka, Verena."

Verena. Ba Reni ba.

"To ka san da gangan ya yi!"

"Na sani. Na gaya masa a fuskarsa. Na ce ko ya je shagon mahaifinki ya durƙusa, ko ya manta yana da ɗa. Ya yarda. Da gobe bayan ƙuri'a za mu je, ni da shi da wannan." Ya dafa akwatin gogen da zoben ke ciki, bai buɗe ba.

"Severin, don Allah..."

"Jiya ban roƙi Allah kujera ba. Roƙonsa na yi ya sa ki juya ɗaya."

"Na yi rantsuwa ne, ubana ne, ba ka san yadda muka rayu ba..."

"Na gane. Ban ce ke muguwa ba ce." Ya share ido da bayan hannu. "Amma ba zan iya zama kusa da hannun da sai na riƙa dubawa ba. Zan roƙa a canza mini wuri."

Ya zaro fensir daga aljihunsa, nata ne na jiya, ya ajiye a kan akwatinta. Ya fita.

Ta daɗe a tsaye kafin ta bi ƙofar baya. Rana tsaka, ƙararrawar coci na bugawa, mutane na tafiya cin abinci da iyalansu. Alois na jingine da bango yana jiranta, fuskarsa na sheƙi kamar an cire masa shekara ashirin.

Ya rungume ta.

"Na ji, Reni! Daga can sama ban ga komai ba, amma na ji. Irin tawa sak, har ta fi tawa muni. Yau Egon ya san yadda abin yake. Ɗan Wallner ya yi irin ta Brandl!" Ya riƙe fuskarta da hannu biyu. "Zo mu je mu gaya wa uwarki. Na sayi furanni."

Ta kalli furannin da ke leƙowa daga cikin kwat ɗinsa, farare, irin waɗanda Mama ke so. Ta kalli murmushin da ta yi shekaru tana roƙon Allah ya dawo masa.

"Papa..."

"Me ya faru? Kukan me kike yi, ai yau ranarmu ce."

"Na juya shafi biyu kamar yadda ka ce. Shi ya tsaya."

Murmushin bai gushe nan da nan ba, a hankali ya riƙa zamewa.

"To wa... wa ya yi ƙarar?"

"Ni ce, Papa."