Tabarau a Cocin Kan Tudu

Ɗalhatu direba ne a gidan wani Balarabe a Ain Khaled. Da zafin Doha ya tsananta, kafil ɗinsa, wato mai gidan, ya kwashi iyali zuwa wani ƙaramin gari a kwarin duwatsun Alps, ya tafi da shi don tuƙi. Wuni guda suka yi suna shiga tsofaffin gidajen katako da coci-coci. Gab da magariba uwargida ta ce ta manta tabaranta a cocin da ke kan tudu.

"Yalla, Ɗalhatu, yi maza," in ji kafil.

Ya hau shi kaɗai. Ƙararrawar wuyan shanu da ke ta kaɗawa tun safe ta yi tsit. Ƙofar cocin a buɗe take. Ciki sai warin kyandir da jiƙaƙƙen dutse.

Ga tabarau a kan bencin baya. Sai da ya miƙa hannu ya lura cocin cike yake da mutane, maza da mata cikin baƙaƙen tufafin dā, duk sun ba shi baya. Sanyi ya sa tururi na fita daga bakinsa. Daga bakinsu babu.

Wata tsohuwa ta matsa masa wuri.

"Zauna, Ɗalhatu," ta raɗa masa da Hausa tangaran. "Ka gaji."

Ya zauna. Bai ji tsoro ba. Bai ji komai ba. Sanyi ya kama tafin ƙafarsa, ya hau ƙwauri, ya kai gwiwa, duk inda ya taɓa sai ya mutu murus.

"Bari ya kai ƙirji," in ji ta. "Daga nan ka huta."

Kawunan suka fara juyowa.

Ya nemi Ayatul Kursiyyu. Harshe ya yi nauyi.

"Allahu..." Iyakar abin da ya fita ke nan.

Benci ya sake shi. Ya faɗi, ya ja ciki har waje, yana jin ƙarar takalman katako a bayansa. A bakin ƙofa suka tsaya.

Da suka koma Doha, likitoci suka duba ƙafafun ba su ga ciwo ba. Yana tafiya, amma ba ya jin birki a ƙarƙashin ƙafarsa, dole ya bar tuƙi ya koma gadi a Madinat Khalifa. Rannan abokin aikinsa Aruna ne ya nuna masa fatar ƙafarsa ta ƙone, ya tsaya kan kwalta ba takalmi da tsakar rana bai sani ba.

Bayan watanni matarsa Rahmatu ta kira daga Kano.

"Na sauka lafiya. Namiji ne, kamarku ɗaya."

"Alhamdulillahi," in ji shi.

Ya dafa ƙirji yana jiran murnar ta zo. Ya daɗe yana jira, har Rahmatu ta ce, "Ɗalhatu, kana ji na kuwa?"