Dajin Da Ya Bi Hannun Baba

Ranar da ta kama aiki a kamfanin haɗa wasannin kwamfuta ta fara ganinsa, gilashinsa ya zamo har kan hanci. Shi ya ƙera manhajar da ke shuka daji da kanta a cikin wasan. Ya danna maɓalli ɗaya, bishiyoyi dubu suka tsiro. Aikin da kan ci mata wata guda ke nan. Sai da ta dafa kujera.

"To mu masu zane fa?" ta ce.

"Ga gurbin lambobi nan, sai ki canza yadda kike so."

"Ni da alƙalami nake tunani, Injiniya, ba da lamba ba."

Daga ranar ya matso da kujerarsa kusa da tata, wai hannunta yake nazari. Nazari ya zarce har fuska. Ya laƙaba mata 'Yar Fenti.

Babanta kuwa tsohon mai zanen allunan talla ne, injin bugawa ya raba shi da shagonsa. Da ya ji sana'ar yaron, sai ya ajiye kofinsa.

"Wanda zai kashe miki sana'a za ki aura? Ban yarda ba."

Ana cikin haka sai ga sanarwa a ofis: za a rage masu zane, manhaja ta wadatar. Kwana tara ba ta ɗaga wayarsa ba.

Sai ga saƙo: "'Yar Fentina, na ce wa manaja in an sallame ku ni ma na tafi. Ya ba ni mako biyu in gyara manhajar, har na gama. Ki zo da Baba, ko don ya zage ni."

Baba ya zo ofis fuska a murtuke. Injiniya ya durƙusa ya miƙa masa alƙalamin zane a allon kwamfuta. Baba ya ja layi da gatse, sai kogi ya biyo layin. Ya danna da ƙarfi, daji ya yi duhu. Ya sassauta, ya koma ciyawa.

"Yanzu manhajar ba ta taɓuka komai sai da hannun mai zane, Baba," in ji Injiniya.

Baba ya daɗe yana kallon dajin da ya zana. Manaja da ke tsaye yana kallo ya je ya cire sanarwar da kansa.

"Matsa, yaro, kana tare min haske," in ji Baba.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannun angon ya ce, "Ɗiyata amana ce. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."