Awa Arba'in Ba Sa Hannu

Ranar da suka fara haɗuwa ko kallon arziki bai yi mata ba. Matuƙiyar jirgin sama ce, shekararta shida tana tashi a ƙasar waje, ta dawo gida a sauya mata lasisin can zuwa na nan. Kamfanin da ya ɗauke ta aiki wata uku ya ba ta. In takarda ba ta fito ba, kujerar ta zama ta wani.

Jami'in ba da lasisin ya buɗe littafin da take rubuta awannin tashinta, yana bin sa da jan biro layi-layi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. A shafi na sha tara ya tsaya.

"Awa arba'in ɗin nan babu sa hannun malamin da ya tashi da ke."

Ta ce a can hatimin makaranta ya wadatar.

"Can daban, nan daban, Kyaftin."

Ita kuwa mataimakiyar matuƙi ce, ba kyaftin ba, ya kuma sani sarai. Ta fita tana huci, lambar wayarsa da ya rubuta mata ta ajiye ta da suna Jan Biro.

Abin haushi, makarantar ta rufe, malamin ya yi ritaya, babu wanda ya san inda ya nufa. Ta huce a kan Jan Biro ta saƙon waya:

"Na sauke fasinja ɗari da tamanin cikin ruwa da iska. Kai me ka taɓa tuƙawa ban da kujera?"

Amsa ta zo: "Kujerar ce tsakaninki da sama. A kawo sa hannu."

Duk mako sai ta je, duk mako sai sun yi. Wata rana ya turo mata littafin dokokin sama ta kan tebur, wai ta karanta kada ta faɗi jarrabawa ta ce shi ne. Ta karɓa ba godiya. Da ta lura tana daɗewa gaban madubi duk ranar zuwa ofishin, kanta ta fi jin haushi.

Ɗan aminin Abbanta, wanda ya daɗe yana nemanta, ya ce ya san wani babba a hukumar ba da lasisin, kwana biyu an buga hatimi. Abba ya ce ta karɓa. Ta ƙi, ta kuma kasa faɗin dalili.

Saura kwana tara ta tarar Jan Biro ya miƙa fayil ɗinta ga wata jami'a da ko matuƙa masu furfura ke shakka. Ta tare shi a bakin matakala.

"Ka wahalar da ni wata biyu da rabi, sannan ka jefar da ni? Wallahi ban taɓa ganin mugu irinka ba."

Ya bari ta gama tas, sannan ya ce sa hannun ya iso jiya. Wasiƙa goma sha huɗu ya aika wa hukumar can kafin a gano tsohon malamin.

"To me ya hana ka ƙarasa?"

"Doka ta hana jami'i sa hannu a lasisin wadda yake nema da aure. In na sa, gobe wani ya ce miji ne ya ba ki, a soke."

"Wa ya ce maka ina son ka?"

"Ba wanda ya ce. Gara in rasa ki da in ɓata miki takarda."

Ta ce shi dai bai iya magana ba, ta juya da sauri kada ya ga idonta.

Lasisi ya fito saura kwana biyu. Da Jan Biro ya aiko neman aurenta, Abba ya ce sam, ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya sa ta kuka ba. Ba ta yi musu ba, kwafin wasiƙun nan goma sha huɗu ta ajiye masa a kan tebur. Ya sa tabarau ya karance su kaf, sannan ya ɗago ya dube ta.

"Wanda ya ƙi sayen zuciyarki da ƙarya ba zai riƙe ki da ita ba. Ki ce ya zo."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da safen ranar ta tura masa: "Muguna, ka shirya?"

"Tun ranar farko, abar ƙaunata."

Abba ya sa musu albarka. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ko da yake waɗanda suka san bakin amarya da na ango sun ce sai an dage da addu'a.