Injin Malam Jibo

Ranar da Raihana ta fara ganin Rabilu, yana tsaye cikin kangon masana'antar gyaɗa yana auna bango, ita kuma ta kawo ma mahaifinta fura. Ya bi ta da kallo har igiyar awon ta suɓuce mashi. Ka ji ma'aikaci!

Garin nasu, can gefen Tasawa, ya mutu murus tun da aka rufe masana'antar, samari duk sun watse Maraɗi da Kano. Meri, wato ofishin magajin gari, ita ce ta ɗauko Rabilu, mai zanen gine-gine, ya mai da kangon kasuwa mai rumfuna da inuwa.

To amma Malam Jibo, uban Raihana, shekara talatin ke nan duk Juma'a sai ya shafa ma injin ɓarar gyaɗa mai, ba wanda ya sa shi. Shi dai ya yarda wata rana za a tada shi. Da ya ji zanen Rabilu bai bar ma injin wuri ba, sai ya rantse yaron nan ba zai ga ɗiyarshi ba.

Raihana ta sha kuka har ta gode Allah, sannan ta tura ma Rabilu saƙo: "Rabin raina, Baba ba ƙin ka yake ba. Ka bar mashi injinshi, ka same ni."

"Hasken idona, ko zanen duka ne sai in sake."

Ya kuwa sake. Ya bar injin bisa dakali tsakiyar kasuwa, abin tunawa. Malam Jibo ya ji an ce inji ya tsira, ya amince, aka sa rana.

Ana jibi ɗaurin aure aka buɗe kasuwar, Raihana ta raka mahaifinta. Injin sai ƙyalli yake da koren fenti. Tsoho ya kama hannun juyawa ya murɗa, ko gezau. Ashe don kada yara su ji ciwo, Rabilu ya sa an bi komai da walda. Raihana ta ji kamar ta nutse, don ta sani tun tuni, tsoron a fasa auren ya sa ta yi gum.

Dattijo ba ya magana biyu, aka ɗaura aure. Da aka kawo ta yin bankwana, ya dafa kanta.

"Allah ya yi maku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Ko kin faɗa mani, ɗiyata, ba zan hana shi ke ba. Da dai na je na juya shi sau ɗaya kafin su kashe shi."